Layukan da Babu Tawada

Duk wanda ya ba ku wannan labari a gidanmu, ba daidai ya ba ku ba. Cewa suke wai shekarar da na shiga aji biyu na sakandare na yi saurayi a unguwar Gamboru, shi ya sa da an tashi daga makaranta sai in ɓace, ba a ganina sai bayan la'asar. Gwaggona ce ta fara faɗa, matan unguwa suka ɗauka, har yau idan aka taru wurin suna sai wata ta tono maganar tana dariya. To bari in gaya muku saurayin. A lokacin shekarunsa sun doshi sittin, yana da furfura har a gira, yana da jikoki, matarsa kuma tana zaune a gefensa daga safe har yamma tana ninke takardu. Ni takarda nake bi.

Wurin nasa wani ɗan shagon buga takardu ne, ƙofa uku daga gidan ƙanwar mahaifiyata. Ita ta fara aikena can in karɓo mata katin suna. Da na shiga, ƙamshi ne ya fara tare ni: tawada, da kananzir, da sabuwar takarda da aka buɗe ranar. A tsakiyar ɗakin wani baƙin inji ne yana buɗe baki yana rufewa, mai shagon yana taka shi da ƙafa ɗaya saboda an ɗauke wuta, hannun dama yana saka farin kati, hannun hagu yana zare wanda aka buga. Jikin bango akwatuna ne masu ƙananan ɗakuna, kowane ɗaki cike da haruffan darma. Da aka miƙo mini katin, sai na juya bayansa ba tare da wani dalili ba, na shafa da yatsa. Haruffan sun turo ta baya. Ban taɓa sanin ana jin rubutu da yatsa ba sai ranar. Na tsaya ina shafawa har matar mai shagon ta ce, "'Yata, katin zai ƙare kafin ranar suna."

Mutanen kudancin Borno ne, daga wajen Biu, shi kuma dattijo ne a cocinsu. Ina ce masa Baba, ita ina ce mata Mama. Babu abin da ba ya bugawa: katin biki, littafin rasit na 'yan Kasuwar Litinin, takardar addu'ar jana'iza ta coci, kalanda, da 'yar takardar da ake liƙa wa kwalbar turare. Da ya ga na dawo washegari, na sake dawowa jibi, sai ya nuna mini kwalin da ke ƙarƙashin wuƙar yanka takarda, inda guntaye suke zuba, ya ce in ɗiba. Da su nake yin ambulan, nake ɗinke 'yan littattafai da zare da allura. Na tara su a ƙarƙashin gadona, kowane launi da wurinsa, mai kauri daban, mai laushi daban. Mahaifiyata tana kiran wurin juji. Da maganar saurayi ta kai kunnen mahaifina, bai tambaye ni komai ba, ya dai ce kada ya sake jin ƙafata ta taka Gamboru. Na ce masa takarda nake ɗebowa. Ya ce takarda ce ta ƙare a gidan nan?

A lokacin da ya faɗi haka, ba ta ƙare ba.

Gidanmu a Shehuri yake, kakana kuma Goni ne, wato wanda ya haddace Alƙur'ani har yake rubuta shi da ka. Tun da na yi wayo nake ganinsa a zaure bayan hantsi, kan buzu, gwiwa ɗaya a tsaye, fallen takarda a kanta. Gefensa kurtu uku: baƙar tawada da yake haɗawa da kansa da bagaruwa da ƙaro, da ja don wasali, da rawaya. Ba ya ja layi da fensir. Yana da wani ɗan allo da aka ɗaura wa zaruruwa a jere, sai ya ɗora falle a kai ya bi da babban yatsa, zaren ya bar shatinsa a jikin takarda. A kan wannan shati yake rubutu. Idan rana ta karkato ta ƙofar zaure, za ka ga layukan sun tashi kamar kunyoyin gona.

Ya rubuta Alƙur'ani da yawa a rayuwarsa, amma ko ɗaya bai kwana a gidan ba bayan an gama shi. Fatake sun kai wasu Kano, alhazai masu bin ƙasa sun wuce da wasu gabas. Wanda yake kai a shekarar, shi ne ya ce na gida ne, ba zai fita ba. Ya san shi ne na ƙarshe, domin yanar ido ta fara rufe masa gani. An kai shi asibiti, likita ya ce sai an yi aiki. Ya ce ya ji, amma ba wanda zai sa masa wuƙa a ido sai ya kai ƙarshen littafin. "In suka taɓa shi ya tafi gaba ɗaya fa? Wa zai ƙarasa mini?" Kowane wata ganin yana raguwa. Yana rubutu yana matso da fallen kusa da fuska, mu kuma muna kallo muna yin kamar ba mu gani ba.

Takardar da yake rubutu a kai tsohuwa ce, tun ta zamanin da yake saurayi, yana ajiye ta a wani akwatin ƙarfe a ɗakinsa. Launinta kamar na madarar da aka dafa. Idan ka ɗaga ta a haske za ka ga jinjirin wata guda uku a cikin jikinta. Ya auna, ya san abin da ke akwatin zai kai shi ƙarshe. Sai damina ta zo da wani ruwa na kwana da wuni, rufin ɗakin ya yi yoyo daidai kan akwatin, ba wanda ya lura sai bayan kwanaki. Da aka buɗe, ɗaurin ƙarshe ya manne ya zama curi ɗaya, ya yi baƙi-baƙi, yana wari. Abin da ya rage masa na rubutu bai kai izu goma ba.

Mahaifina da baffana suka bazama neman takarda. Su a ganinsu takarda mai kyau ita ce wadda ta fi fari. Suka kawo ta bugun tafireta daga Kasuwar Litinin, suka kawo ta ofis, suka kawo wata mai sheƙi da ɗan kasuwar ya rantse musu ba irinta a garin. Kakana sai ya ɗauki falle, ya girgiza shi kusa da kunne, ya taɓa gefensa da harshe, sannan ya ja layi ɗaya da alƙalami. A wata tawadar ta nashe ta yi gashi-gashi. A wata bakin alƙalamin ya huda. A mai sheƙin nan kuwa tawadar ta tsaya kamar ruwa a ganyen gwaza, ya shafa ta goge. Wani ɗalibinsa ya aiko da wata daga Kano, mai kauri kamar kwali. Ya ajiye ta ba tare da ya gwada ba. Daga nan ya daina fitowa zaure da hantsi. Tsoho mai zolayar kowa, wanda idan na kai masa koko yake cewa "amaryar nan tawa ba ta iya komai ba sai surutu," ya koma karɓar kwano shiru.

Ni ba ni da haƙuri, ban taɓa yi ba. Kullum ina kallon manyan maza biyu suna shigowa da shara a hammata suna fita da ita, kwanaki suna tafiya, idon tsoho yana tafiya. Da na ga abin zai kashe ni, na je wurin kakata. Na ce mata na san wanda ya san takarda a garin nan, kuma an hana ni zuwa wurinsa. Ta dube ni ta ce, "Saurayin?" Na ce, "Shi." Ta yi dariya har da tari. Ta shiga ɗaki ta fito da falle ɗaya na tsohuwar takardar wanda ruwa ya ɓata gefensa kawai, da 'yar tawada a kwalbar turare, da wani tsohon alƙalami. Ta ce, "In ubanki ya tambaya, ni na aike ki. Ya zo ya hana ni."

Baba mai shago ya karɓi fallen da hannu biyu. Ya fita bakin ƙofa ya ɗaga shi sama, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ta girme ki, 'yar Goni. Wataƙila ni ma ta girme ni."

"Kana da irinta?"

"Wa yake da irinta? Waɗanda suka yi ta ma sun mutu."

Ya yagi gefen da ya ɓaci ya nuna mini bakin yagar. Zaruruwa ne dogaye suka fito kamar na auduga. Ya ce da tsumma aka yi ta, ba da itace ba, shi ya sa take shan tawada daidai ƙima ta tsaya. Ya ce mu gwada abin da ke shagon. Muka jera guntaye a kan tebur, ina jan layi da alƙalamin kakana a kan kowanne, yana duƙawa yana dubawa da tabarau. Babu wadda ta yi. Na fara tattara kayana cikin fushi, sai Mama ta ce ba tare da ta ɗago daga ninkin da take yi ba, "Tsoho, ta saman kabad fa? Ta mutanen nan da suka rufe."

Wani kamfani ne ya taɓa sa a buga masa takardar wasiƙa, ya ce sai mai tsada, ya rufe kafin a gama aikin. Ragowar tana can sama a nannaɗe, ƙura ta rufe ta. Na ja layi a kai. Tawadar ta zauna, gefenta ya fita tsaf, ba gashi. Na sake ja. Na ce, "Ita ce!" da ƙarfin da ya sa wani mai jiran rasit ya waiwayo. Baba bai yi saurin yankawa ba. Ya lanƙwasa fallen ta nan, ya lanƙwasa ta can, ya ce in ji da hannuna: ta gefe ɗaya tana bi, ta ɗaya gefen tana gardama. Ya ce takarda tana da jijiya, in aka yanka ta ba bisa jijiyarta ba, duk damina sai ta naɗe. Ya auna da tsohon fallen, ya sauke wuƙa.

Da na kai gida, kakana ya girgiza, ya ɗanɗana, ya ja layi. Ya matso da fallen kusa da ido. Ya sake ja. Sannan ya ce, "Ta yi fari da yawa, amma tana da mutunci." Ranar mahaifina bai ce mini komai game da Gamboru ba. Na kwanta ina ganin an gama.

Washegari da hantsi ya fito zaure, karo na farko cikin makonni. Ya ɗora sabon falle a kan allon zare ya bi da yatsa. Ya ɗaga ya duba. Ya sake ɗorawa ya danna da ƙarfi. Sabuwar takardar ta fi tsohuwar tauri, zaren bai kama ta sosai ba. Ni da ke da ido ina ganin shatin dishi-dishi, shi kuwa ba ya ganin komai sai fari yana kashe masa ido. Duk da haka ya tsoma alƙalami. Ya rubuta layi ɗaya, ya rubuta na biyu. Ina tsaye a bayansa ina ganin na biyun yana hawa sama, yana shiga cikin na farko. Shi ma ya ji a hannunsa. Ya ajiye alƙalamin a hankali, ya miƙa wa baffana fallen ya ce a wanke shi a inda ƙafa ba ta takawa.

Ya ce, "Shi ke nan. Ku daina wahalar da kanku. Ba takarda ba ce, ni ne."

Na shiga ɗaki na jawo kwalina daga ƙarƙashin gado, ba don komai ba sai don in sami abin riƙewa. Ina juya guntaye, hannuna ya faɗa kan wani katin biki da ya lalace wurin bugu. Na shafa bayansa yadda na saba. Sai na tsaya. Injin da ya iya turo ƙaramin harafi ta bayan kati mai kauri, me zai hana shi turo layi?

Ban jira kowa ya aike ni ba. Na ɗauki ɗaurin takardar gaba ɗaya, da wani tsohon falle marar rubutu da ke da shatin zare a jiki, na hau bas.

"A buga layi ba tawada?" in ji Baba. "Ke, mutane suna zuwa nan ne don a ga abin da aka buga."

"Ba gani zai yi ba, taɓawa zai yi."

Ya cire tabarau ya kalle ni. Mama ta ce, "Yi mata mana, tsoho. Kai ma kwana nawa ya rage ka fara lalube?"

Ya ajiye aikin rasit da ke kan injin. Ya ciro robobin da ke shafa tawada ya jingine su. Ya wanke farantin tawada da kananzir, ya goge, ya sake wankewa, ya canza shimfiɗar da takarda ke kwanciya a kai ya sa sabuwa fil. Ban ce ya yi haka ba. Da ya ga ina kallonsa, ya ce, "Na san abin da za a rubuta a kai." Sannan ya ɗauko siraran ƙarafan da ake buga layin rasit da su, ya ce in auna masa tazarar layukan kakana. Ina aunawa yana jerawa, yana cusa guntayen darma a tsakani, har ya ɗaure su tamau a cikin firam.

Bugun farko ya yi zurfi, ƙarfen ya kusa raba fallen gida-gida. Ya rage shimfiɗa. Na biyu bai kama ba. Ya ƙara falle ɗaya siriri a ƙasa. Na rufe ido na bi na ukun da yatsa: ta gaba kwari, ta baya tudu, kowane layi yana nan daga farko har ƙarshe, ba inda ya ɓace. Na ce a bar shi haka. Ya ce, "To, shugaba." Na so ya bar ni in saka takardar da kaina, ya ce injin nan ya ci yatsun waɗanda suka fi ni wayo, in tsaya gefe in riƙa karɓa. Haka muka yi, yana takawa, injin yana haɗe baki a kan farar takarda yana sakinta fara, ina jerawa a kan tsabtataccen zanen da Mama ta shimfiɗa.

Na dawo gida na tarar da su a zaure. Baffana ne ya fara magana da ya ji inda takardar ta shiga.

"Injin da ake buga takardun coci da shi? Goni, ka ji abin da yarinyar nan ta yi?"

Kakana ya ce, "Miƙo."

Na sa masa falle a hannu. Ya ɗora a gwiwa. Ya kai yatsa, ya sami layin farko, ya bi shi har gefe. Ya sauko na biyu. Ya bi su duka har ƙasa, ya juya fallen ya bi na baya. Ba wanda ya yi motsi.

"Ya sa tawada?"

"Bai sa ba. Ya cire robobin ma, ya wanke injin sau biyu."

"Ke kika ce ya wanke?"

"Shi ya yi da kansa."

Ya gyaɗa kai. Baffana ya buɗe baki zai ƙara, kakana ya ce, "Wadda nake rubutu a kai shekara da shekaru, kana tsammani a Makka aka yi ta?" Sannan ya kai fallen hanci, ya yamutsa fuska. "Amma amaryar nan tawa so take in rubuta maganar Allah a jikin fitila. Kananzir ne wannan."

Sai muryar kakata daga bayan labule: "Kawo nan. Abin da bai fi ƙarfin kasko ba."

Matan Borno ba sa wasa da turare, kakata kuwa ko a cikinsu ta yi suna. Ta fito da kabbasa, wannan kwandon da ake kifawa a kan kaskon wuta a shimfiɗa tufafi a kai su sha hayaƙi. Ba ta sa turaren da aka jiƙa da mai ba, ta ce mai zai hana tawada kamawa. Busasshen itace ta zaɓa, ta rage garwashin har ya zama sai ɗumi. Ta ɗora falle ɗaya, ta rufe da mayafi, ta jira, ta juya shi. Da ta ɗauke mayafin, warin ya tafi. Wani abu kuma ya faru da ba wanda ya roƙa: farin nan mai kashe ido ya kwanta, takardar ta ɗan yi launin ƙasa-ƙasa. Na ɗauko tsohon fallen na haɗa su. Ba su zama ɗaya ba, amma sun zama dangi.

Kakana ya tsoma alƙalami. Ya sa ɗan yatsan hagu a cikin kwarin layi, bakin alƙalami yana biye da shi. Ya tafi daga dama har hagu, leɓensa yana motsi. Layin ya miƙe. Ya sauko na biyu, ya miƙe. Ina tsaye a kansa ina leƙe, ban san na tare ƙofa ba, sai da ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Matsa ki ba ni haske." Na matsa na fita tsakar gida, na zauna a kan turmi. Kakata tana ta ɗora takardu a kan kabbasa, ɗaya bayan ɗaya, kamar tana gasa gurasa. Kwana biyu gidan yana ƙamshi kamar ana biki.

Ya rubuta sauran a hankali, wasu ranaku falle ɗaya, wasu ranaku rabi. Wasali ya fi ba shi wuya, sai wani babban ɗalibinsa ya riƙa zama gefensa yana duba masa ja da rawaya. Darbejiyar ƙofar gida ta zubar da ganye ta sake tohowa, zafi ya fara shigowa, sannan wata rana kafin azahar muka ji ya ɗaga murya yana hamdala. Aka yanka rago, malamai suka cika zaure, aka sa littafin a sabuwar gafaka. Sati bai zagayo ba ya ce a kai shi asibiti, yanzu su yi abin da suka ga dama. Ido ɗaya ya ɗan dawo, daidai yadda zai kai kansa masallaci. Bai sake rubutu ba, kuma ban taɓa jin ya yi kukan haka ba.

Da ya warware, ya sa mahaifina ya kai shi Gamboru. Ina biye. Tsofaffin biyu suka zauna a benci a ƙofar shago, ɗaya Hausarsa da karin Barebari, ɗaya da karin mutanen kudu, suna ta hirar takarda: wadda take shan ruwa, wadda kwari ke ci, wadda aka daina kawowa. Kakana ya ce a kai shi ya taɓa injin. Ya shafa ƙarfen, ya ce, "Ashe kai ma da ƙafa kake rubutu."

Shekara goma ke nan da wani abu. Kakana ya rasu, kakata ta bi shi. Littafin yana ɗakin mahaifina. Idan aka buɗe shi da azumi, mai karatu yakan kai wajen ƙarshe ya ji takardar ta canza a hannunsa, ya tambaya, a ba shi labari, rabi daidai rabi ba daidai ba. Garin ma ya canza. Yanzu ko'ina shagunan kwamfuta ne, ka faɗi abin da kake so a buga, kafin ka gama shan ruwan leda an miƙo maka. Ba na zaginsu, suna da sauri, ni kuma ina son sauri. Amma katunan bikin da ake rabawa yanzu duk fuska ɗaya gare su, fure a sama, zobe biyu a ƙasa, haruffa iri biyar a layi huɗu, kuma ba wanda ya tsaya ya tambayi a kan wace takarda za a buga.

Na gama sakandare tuntuni. Na yi koyarwa a wata firamare, na bari. A gida ana ta nema mini aikin ofis. Makon jiya na biya ta shagon, Mama ta gaya mini bayan Kirsimeti za su koma gida gaba ɗaya, ƙafar Baba ta gaji da taka inji, 'ya'yansu kuma ba mai so. Masu sayen tsohon ƙarfe sun riga sun zo sun duba injin da akwatunan darma, a kan sikeli za su ɗora su. Na tambayi Baba ko gaskiya ne. Ya ce to me zai yi, ya ɗauka a ka ya kai Biu?

Tun a nan na gama shawara. Na gaya wa mahaifina jiya da safe, ban roƙa ba, gaya masa na yi. Ranar Litinin zan je shagon da sassafe da tsohuwar riga. Zan ce wa Baba ya sallami masu sikeli, ya ba ni watannin da suka rage masa, ya fara koya mini daga inda ake sa hannu ba tare da an rasa yatsa ba.